Hairi a Cikin Masakin Auduga

Da sunan Allah mai rayawa, wanda ya bar mini 'yata bayan na fid da rai.

Makon jiya matar maƙwabcinmu ta haifi bakwaini, aka aiko a ari masakin da muka reni Hairi a ciki. Na ce babu shi, an fasa. Daga baya na ji ana cewa rowa na yi. Na je da ƙafata na yi wa mai jegon bayani, amma ɗakin cike yake da 'yan barka, kowa na jefa tata, ban ga alamar maganata ta zauna ba. Shi ya sa na rubuta, ko wata ta karanta wa wata.

Muna zaune a wani ƙauye kusa da Gozaki, gidan gandu. Maigidana, Malam, shi ne ƙarami. Wansa Alhaji Babba ke riƙe da gidan, kuma duk abin da ya shigo, daga taki har fartanya, sai ya bi ta hannunsa. Uwarsu Inna tana ɗakin da ke kallon nawa. Shekarun nan ne aka fara kawo wa manoman auduga injin feshi mai batir, har ya zama idan damina ta ja baya rigar kowane namiji warin maganin take yi, muka saba, muka daina ji.

An gama tsinkar auduga, an tara ta a ɗakin ajiya ana jiran a buɗe kasuwa, sanyi ya sauko irin wanda ruwan randa ke cizon haƙori, sai naƙuda ta zo mini wata bakwai da 'yan kwanaki. Yarinyar da ta fito ba ta fi ɗan kwikwiyo ba, fatarta ja, kukanta kamar na mage. Inna ta ɗaga ta a tafin hannu ta ce, "Wannan sai kaɗa." Kaɗa take ce wa auduga, irin maganar mutanen da.

Haka ake yi a wajenmu, kuma ni ma na yarda da shi a lokacin. A samo babban masaki, a shimfiɗa auduga a ciki, a binne jariri har wuya, kansa kawai a waje. Inna ta ɗauki aikin nan a kanta, ba ta bar wa kowa ba. Ita ke shiga ɗakin ajiya ta ɗebo, ta gurje angurya, ta saɓe ta har ta yi laushi kamar kumfa, ta turara ta da turaren wuta. Duk wadda ta jiƙe sai ta canza. Zan faɗi gaskiya: uwar da ta haife ni ba za ta yi abin da ya fi haka ba. Satin farko Hairi barci take yi lafiya lau, idan na sa yatsa a wuyanta ɗumi nake ji mai daɗi. Aka yi suna, aka ce Ummulhairi.

Cikin sati na biyu na fara ganin abin da ban gane ba. Miyau na dalala daga bakinta har ya jiƙa audugar da ke ƙarƙashin haɓarta. Gashinta na jiƙewa da zufa alhali hannunta sanyi ƙalau. Ta kama nono ta saki, ta kama ta saki. Ƙirjinta na kurkur. Wani lokaci fatar kuncinta ta riƙa rawa ita kaɗai.

"Sanyi ne ya shige ta," in ji Inna. "Na ce ki daina fito da ita kina juyawa kamar mai sayen kaza."

Ta ƙara auduga, har ta toshe gefen kunnuwa. Na ce, "Inna, zufa fa take yi."

"Zufar sanyi ce. A makarantar taku ba a koya muku sanyi na fita ta zufa ba?"

A makarantar 'yan mata an koya mana girki da ɗinki da tsabtar gida, amma babu wanda ya taɓa nuna mana bakwaini.

Zargi na farko a kan Maman Titi ya faɗa. Bayarabiya ce, Kirista, mijinta tela, sun daɗe a garin har 'ya'yansu sun fi ni iya zagi da Hausa. Tana sayar da kayan gwanjo a kasuwar Kafur. Ranar suna ta kawo wa Hairi wata hular ulu ja da safa. Matan gidan suka fara ƙus-ƙus: wa ya san ɗan wa ya sa ta, wa ya san ko na matacce ce, me ya sa ja. Inna ta cire hular ta jefa a murhu. Warin ulu ya cika tsakar gida, kuma katangarmu da ta Maman Titi ɗaya ce. Ban hana ba. A raina ma cewa na yi, to a gani. Aka gani: yarinya ta ƙara lalacewa.

Da ta kwana ta wuni ba ta kama nono ba, na ce wa Malam ko ya kai mu asibiti ko in tafi da ƙafa. Muka samu motar da ta ɗauko buhunan masara, muka bi ta Kafur zuwa Malumfashi. Masaki ba ya shiga gaban mota, don haka na naɗe ta da zanena biyu na cusa ta cikin rigata. Layin kati ya kai bakin ƙofa, bencin siminti kamar ƙanƙara, ni kuma da ɗanyen jego. Allah ya saka wa wata tsohuwa da ta leƙa rigata ta yi salati ta ce a bar ni in wuce.

Likitan Ba'indiye ne, wata sista 'yar wajenmu tana fassara. Ya buɗe idon Hairi ya haska da tocila, ya sake haskawa, ya kira sistar ta duba. Maganarsa har yau tana kunnena yadda sistar ta juya ta: "Ƙwayar idonta ta tsuke kamar kan allura." Sai ya tambaya ko muna fesa magani a inda take kwana, ko muna ajiye shi kusa.

Malam na tsaye a bayana. Ya ce, "Babu."

Ni ma na ce babu, don ɗakina ko maganin sauro ba na kunnawa saboda ita.

Aka kwantar da mu. Allura, ruwa ta hanci, bargon asibiti mai kaushi. Kafin sati ya zagayo miyau ya tsaya, ƙirji ya washe, ta kama nono har tana yi mini zafi. Na yi sujada a tsakanin gadaje. Kuɗin mota da na magani da na abinci suka cinye tunkiyata, ban ji ciwonta ba.

Muka dawo gida. Inna ta shirya sabuwar auduga fara tas, ta karɓi yarinya ta binne ta tana yi mata kirari. Ba mu rufe 'yan kwanaki ba miyau ya dawo.

Daga nan ne gidan ya zama wani iri. A asibiti lafiya, a gida ciwo. Ko yaro ya san abin yana cikin gida. Kowa ya fara kallon kowa. Alhaji Babba ya ce iska ce a ɗakina, aka kawo malami ya yi tofi a kusurwoyi, ya ba da rubutu, mutumin kirki, ko sisi bai nema ba. Matar Alhaji ta ce tsamiyar bayan gida. Wata gwaggo da ta zo dubiya daga Mahuta ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "An gwada nonon kuwa?"

Aka gwada. Aka zaunar da ni a tsakar gida da hantsi, mata sun kewaye. Inna ta ɗauko ƙaramin ludayi, ta ga ƙura a ciki, ta figi auduga daga masakin Hairi ta goge shi ciki da baya. Aka tatsa nonona a ciki, aka kamo tururuwa aka jefa. In ta yi iyo ta fita, nono lafiya. In ta mutu, akwai dafi. Tururuwar ta yi ɗan motsi, ta naɗe, ta tsaya. Aka sa ta biyu. Ita ma haka.

"La ilaha illallahu," in ji gwaggon. "Ke ce ashe kike kashe ta."

Ban san na yi kuka irin na ranar nan ba tun rasuwar mahaifina. Na ce ai wannan nonon ta sha a asibiti ta warke. Inna ta ce allurar Nasara ce ta danne dafin, da ta sake shi ya taso. Aka hana ni shayarwa, aka ɗora ni a kan jiƙe-jiƙe masu ɗaci, aka koma ba Hairi nonon akuya da cokali. Ƙirjina ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, yarinya na kuka a masaki, ni ina kuka a gado. Sai gudawa ta haɗu da miyau, maɗigarta ta faɗa.

A kwanakin nan babu wanda ban zarga ba, kuma da dalilina. Inna: me ya sa ba ta yarda kowa ya raka ta ɗakin ajiya? Me ya sa take daɗewa a ciki, ta fito da auduga a ƙunshe cikin zane, har gashinta da hammatarta duk fari? Me ya sa hannuwanta suka yi ja suna saɓa, tana yawan cewa kanta na sarawa? Na ce a raina ko wani abu take haɗawa a ciki, irin na tsofaffi, da niyyar magani.

Malam ma ban bar shi ba. Shi ke riƙe da makullin ɗakin, kuma kullum Inna ta nema sai fuskarsa ta canza. Da kunnena na ji ya ce mata, "Inna, ki riƙa ɗiba nan bakin ƙofa mana, me ya kai ki can ciki?"

Ta ce, "Ta bakin ƙofa da kaji suka tattake zan sa wa jikata? Ta can ƙurya ta fi tsabta, ta fi ɗumi. Kai dai ba ni makulli."

Ya ba ta. Na lura bai ci tuwon kirki ba ranar.

Komawarmu asibiti ta biyu, tasoshina na aure ne suka biya. Sistar nan ta gan ni ta riƙe baki. Da na gaya mata zancen tururuwa, ta ce, "Ke da kika yi makaranta? Ciro nonon nan ki ba ta a gabana." Faɗa ta yi mini sosai, gaban mutane, har na ji haushinta. Amma ita ce ta zauna ta gasa mini ƙirji da ruwan ɗumi har nono ya sauko. Kuma ita ce ta ce, "Likita ya ce guba ce, ba sanyi ba, ba iska ba. Wani abu ne take taɓawa ko take shaƙa. In kin koma ki buɗe ido, in ba haka ba zuwa na uku ba da ita za ki koma ba."

Ana haka sai ga Maman Titi da kwanon tuwon shinkafa da miyar ganye, ta zo sarin kaya ta biyo. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Ta leƙa Hairi ta ce, "Kai, 'yar nan kan nata tsirara cikin sanyin nan? Ina hular da na ba ta? Ko ita ce na ji tana ƙamshi ranar nan?" Ta yi dariya, ta ciro wata daga jaka, fara. "Wannan na wanke ta da sabulu da hannuna. In za ku dafa ta, ku kira ni in kawo gishiri."

Wannan karon mun fi daɗewa, amma ta farfaɗo. Da aka sallame mu na yi niyya a raina ba zan sauke ta daga jikina ba sai na san abin da ke gidan nan.

Mun iso da azahar. Na goya ta a ƙirji na shiga share ɗaki, don tun tafiyarmu ba a taɓa shi ba. Kwanon da na bari da ragowar kunu ya yi baƙi da kiyashi. Tsumman da nono ya zuba a kai, kiyashi. Na zo kan masaki, audugar ciki duk nonon akuya da tumbuɗi sun bushe a kai, abin da ya kamata a ce ya fi komai tara ƙwari. Ko ɗaya babu. Na ɗaga shi. A ƙasa, zagaye da gindinsa, kiyashi ne matattu kamar an zana da gawayi, da kyankyasai biyu a kife.

Na tuna tun farko Inna tana yabon cewa ko ƙuda ba ya sauka a kan Hairi, wai yarinya mai albarka ce. Na tuna hannun Inna yana goge ludayi.

Na cusa hancina cikin audugar, can ƙasa inda turare bai kai ba. Wari ne kamar kananzir amma ba shi ba. Warin rigar Malam ne lokacin feshi.

Na fito na wanke ludayin nan da toka da ruwan zafi, na shanya shi a rana. Na je ƙofar Inna na durƙusa na ce, "Inna, don Allah a sake gwada nonon. Amma kada a goge ludayin da komai."

Ta harare ni, amma ta fito. Ita ta kamo tururuwar da kanta. Ta jefa. Tururuwa ta yi iyo ta kama gefe ta fita, ta bi yatsan Inna tana gudu. Ta sa wata, ta fita. Sai na figo audugar masaki na ba ta na ce ta goge, a sake. Ta sake. Muna kallo tururuwar ta naɗe.

Inna ta daɗe tana duban hannuwanta masu saɓa. Sannan ta ɗaga murya ta kira Malam da sunan da ban taɓa jin ta kira shi da shi ba, sunansa na yanka. "Kawo makullin nan."

Da kanta ta shiga ramin da ta yi ta haƙawa a ƙuryar tulin audugar, har rabin jikinta ya ɓace. Tana turo auduga, fara, fara, sai mai ɗorawa-ɗorawa, sai mai danshi. Ta jawo galan na maganin feshi, ya lotse saboda nauyi da tattakawar da aka yi wa tulin, murfinsa ya tsage. Ta girgiza shi. Saura kaɗan a ciki.

Malam na zaune a ƙasa. Ya ce ragowar na bana ne ya rage don ya fesa wa wakensa baɗi, ya san in Yaya ya gani zai karɓe, shi ya sa ya tura shi inda ba mai dubawa. Ya ce wallahi ya ɗaure murfin da kyau.

Alhaji Babba ya fara faɗa a kan ɓoyon, ba a kan yarinya ba. Da ya huce ya ce a ware mai launin a zubar, sauran a cusa a buhu, can wajen awo wa zai sansana. Malam ya miƙe. Ya yi ta kwasar audugar nan a kai yana kaiwa bayan gari, rabonsa gaba ɗaya, noman shekara, ya cinna mata wuta. Alhaji na ihu yana cewa ya haukace. Inna kuma ta ɗauki masakin ta buga da turmi ya rabe. Da yamma ta dama kunun kanwa ta kawo mini har gado, ta ce, "Sha, Lami. Ki shayar mini da ita." Ba ta ƙara ko kalma ba, ni ma ban nema ba.

Sauran sanyin shekarar a ƙirjina Hairi ta yi shi. Fatarta a kan fatata, hular Maman Titi a kanta, zane wankakke a ɗaure mu tare, fuskarta a buɗe, ni kuma a jingine da bango da matashi. Inna da matar Alhaji suna karɓa in na gaji, su ma cikin rigarsu. Da ta yi ƙwari na koma kwantar da ita a rigingine kusa da ni, riga biyu da safa da mayafi mara nauyi da bai wuce ƙirjinta ba. Wuyanta nake taɓawa, ba hannu ba: in da ɗumi babu zufa, ya isa. Yanzu tana aji biyu, ita ce mai tsiwar gidan. Sai dai ƙirjinta har yau ba ya son sanyi, kuma ta fi sa'o'inta ƙanƙanta.

Ga abin da nake roƙon mai jego da kakar jariri. Audugar yanzu ba irin ta zamanin su Inna ba ce, ta sha magani tun a gona, kuma ba ku san abin da aka ajiye kusa da ita ba. Kada ku turara abin shimfiɗar jariri kafin ku sansana shi. In yaro na warkewa a asibiti yana kwantawa a gida, ku bar zargin maƙwabta tukuna, ku ɗaga abin da yake kwana a kai ku duba ƙarƙashi. Maza kuma, in likita ya yi tambaya, ku faɗi har abin da kuke ɓoye wa 'yan'uwanku.

Wannan na ƙarshe ba a banza na faɗe shi ba. Sau ɗaya na tambayi Malam, bayan komai ya lafa, me ya sa ya ce wa likita babu. Ya ce shi ya ɗauka ɗakin kwana ake nufi. Na ce, to ranar da ka ce wa Inna ta riƙa ɗiba a bakin ƙofa fa? Ya ce tsoro yake kada ta ga galan ɗin ta gaya wa Yaya, ba wai ya san yana yoyo ba.

Yana iya zama haka. Mutum ne mai salla, kuma duk gidan babu wanda Hairi ke maƙale wa kamarsa. In sanyi ya sauko shi ke fara tashi ya duba ko mayafinta ya zame. Yawancin kwanaki na yarda da shi. Amma na ga fuskarsa lokacin da Inna ke turo audugar nan tana fara tas, tun kafin mai launin ta fito, kuma ya riga ya zauna a ƙasa.

Allah shi ne masani. Shi na bar wa, na riƙe 'yata.